Ango, Sauko Daga Babur Ka Shigo Wurin Awo

[Taken shiri]

 Yau a shirinmu na lafiyar iyali, da sababbin ma'aurata nake son yin magana, waɗanda Allah ya ba rabo karo na farko, ciki ya fara turo zani, fargaba kuma ta fara hana barci. Iyayenmu mata, don Allah kada ku murɗa akwatin, akwai naku rabon a gaba.

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar asibiti ranar awo ya san yadda abin yake. Tun da sassafe mata sun cika benci, kowace da katinta a cikin leda. Can sai malamar asibiti ta fito, a buɗe da addu'a, ta tsaya ta yi musu bayani kafin a fara kiran suna: abin da za a ci, alamun da za a lura da su, kayan da za a tanada. Maza kuwa suna waje a gindin dalbejiya, kowa a kan babur ɗinsa yana latsa waya, yana jiran a fito ya tambaya, "Nawa ne kuɗin maganin?"

To wannan bayanin da malama take yi a tsaye, shi ne makarantar koyon haihuwa da muke da ita. A Ingila da Amurka miji da mata kan yi rajista, wani lokaci har su biya kuɗi, su riƙa zuwa aji da yamma ana koya musu abin da zai faru a ɗakin haihuwa. Abin ya samo asali ne daga wani likita ɗan Ingila, Grantly Dick-Read, wanda tun a 1933 ya rubuta cewa tsoro yana sa jikin mace ya ɗaure, ɗaurewar ta ƙara zafin naƙuda, zafin kuma ya sake haifar da wani tsoron. Wani likitan Faransa, Fernand Lamaze, ya je Tarayyar Sobiyat a 1951 ya ga yadda ake koya wa masu ciki sarrafa numfashi, ya komo da dabarar gida. Wasu daga cikin mabiyansu sun zaƙe, har suna yi wa mata alkawarin haihuwa ba ciwo. Wannan kam ba gaskiya ba ne. Naƙuda tana da zafi, duk wanda ya ce miki babu, bai taɓa durƙusawa ba. Amma asalin maganar tasu tana nan daram: macen da ta san abin da ke faruwa a jikinta ta fi jurewa, ta kuma fi saurin gane lokacin da abu ya kauce hanya.

Mu a nan abin da ya fi tsare mana hanya kunya ce. Yarinya ta yi cikin fari, ba za ta faɗa ba sai an gani. Ba za ta tambayi mahaifiyarta ba, balle uwar mijinta. Iliminta na haihuwa duk a gidan biki ta tsince shi: wance ta kwana uku a durƙushe, wance an tsaga ta, wance ba ta tashi ba. Shi kuwa ango ko wannan ɗin ma bai samu ba. Sai a wayi gari mutum biyu suna kwana a ɗaki ɗaya, kowa da tsoronsa a ciki, babu mai faɗa wa ɗan'uwansa. Kunya ado ce, ban musa ba. Amma a gaban malamar awo ba ta da wurin zama, domin ita malamar da amsar da kika ba ta take aiki.

Kuma ba zan ce muku tsoron ba shi da dalili ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 mata 512 ne suke rasa ransu. Binciken ya kuma nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai ma kai kashi 20 ba. Sai dai mafi yawan abubuwan da ke kashe matan nan sanannu ne, suna da alamu, suna da magani: zubar jini, hawan jini da jijjiga, doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta bayan haihuwa. Abin da bencin awo yake yi shi ne ya tace miki tsoron nan, ya ware wanda za ki ajiye ki yi barcinki, da wanda idan ya zo za ki tashi maigida ko da ƙarfe biyun dare ne.

A da ana cewa zuwa awo sau huɗu ya wadatar. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi aƙalla sau takwas: na farko kafin ciki ya wuce mako 12, sai mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ku lura yadda ranakun suke matsewa a ƙarshe, don a nan ne hawan jini ya fi yin sallama. Matanmu da yawa sai ciki ya kai wata shida ko bakwai suke zuwa yankar kati, wai don kada a hana su gado ranar haihuwa. Ƙanwata, abin da aka makara da shi ba ya dawowa. Ƙwayar folik asid amfaninta mafi girma a makonnin farko ne, lokacin da ake halittar ƙwaƙwalwa da lakar jariri. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda kuka sani da Fansidar, ana fara shi da zarar ciki ya shiga wata na huɗu, a riƙa sha wata-wata, aƙalla sau uku, ga kuma kwana a gidan sauro. Akwai allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora, akwai gwajin rukunin jini, da na cuta mai karya garkuwar jiki, da na ciwon hanta.

Bari in tsaya a kan jar ƙwayar ƙarin jini, don na san inda take ƙarewa: ƙarƙashin katifa. Ana cewa tana sa jariri ya yi ƙato ya ƙi fitowa. Abin da take yi a gaskiya shi ne ta cika miki jinin da za ki shiga ɗakin haihuwa da shi. Takan sa bayan gida ya yi baƙi, takan ɗan tayar da zuciya. Idan ta dame ki, ki faɗa wa malama ta sauya miki lokacin sha, kada ki yanke hukunci ke kaɗai.

[Kiɗa kaɗan]

Yanzu mu shiga abin da kowa yake tsoro ba ya son furtawa, wato ita kanta naƙudar.

Ranar da aka rubuta miki a kati kintace ce. Ana ƙirga mako 40 daga ranar farko ta hailarki ta ƙarshe, amma jarirai ƙalilan ne suke zuwa a ranar daidai. Daga mako na 37 a zauna cikin shiri. Idan ranar ta wuce da mako guda shiru, a koma asibiti, kada a zauna jiran ikon Allah a gida alhali ikon Allah ne ya kawo asibitin.

A watan ƙarshe za ki riƙa jin ciki yana ƙullewa yana saki, ba tsari, idan kin kwanta ko kin sauya zama ya lafa. Wannan ba ita ba ce. Ta gaskiyar tana zuwa a jere, tana ƙara ƙarfi, tazarar tana raguwa, sau da yawa daga baya take tasowa ta zagayo mara, kuma kwanciya ba ta kore ta. Za ki iya ganin wani ruwa mai yauƙi da ɗan jirwayen jini. Abin da ke faruwa a ciki shi ne mahaifa tana matsawa don bakinta ya buɗe, kuma sai ya kai santimita 10 jariri zai samu hanya. Farkon buɗewar yana da nawa ƙwarai, musamman a haihuwar fari, yana iya cin yini ko kwana ana abu ɗaya. Daga santimita 5 ne aiki yake kankama, kuma daga nan a haihuwar fari yawanci ba ya wuce awa 12. Shi ya sa idan malama ta duba ta ce, "Da saura, tashi ki zagaya," ba wulaƙanci ba ne. Tafiyar tana taimakon kan jariri ya sauko. Ki sha ruwa, ki sha kunu ko shayi idan ba a hana ki ba, ki riƙa yin fitsari a kai a kai.

Idan ciwon ya taso, ki ja numfashi a hankali ta hanci, ki fitar ta baki a tsawaice, ki saki kafaɗunki da muƙamuƙinki. Kowane tasowa ɗaya ba ya wuce minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sannan ya ba ki hutu. Ki fara gwada wannan numfashin tun yanzu bayan sallar isha'i, don ranar ba ranar koyo ba ce. Abu ɗaya kuma da nake so ki riƙe da kyau: kada ki fara nishi sai an ce ki yi. A gida, da an ga yarinya tana murƙususu sai tsofaffi su taru a kanta, "Yi nishi, yi nishi!" alhali bakin mahaifa bai gama buɗewa ba. Sai ya kumbura, ƙarfinta ya ƙare tun kafin lokacin da ake bukatarsa. Haka nan allurar naƙuda da wasu ke kiran mai kemis ya zo ya yi a ɗaki, ko jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa mace don abu ya yi sauri, suna iya fasa mahaifa. Addu'a kam a yi ta, babu mai hanawa, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Yaushe za a tafi? Idan ciwon ya daidaita yana zuwa kamar kowane minti biyar, ko faya ta fashe ko da babu ciwo. Wanda gidansa ke nesa, ko hanyarsu takan yanke da damina, kada ya jira wannan lissafin.

To, maigida, yanzu da kai nake. Na san abin da za ka ce: "Harkar mata ce, me zan je in yi a cikinsu?" Tambayata ɗaya ce. Ranar da abu ya rikice da tsakar dare, wa ake tasa? Izinin fita a bakinka yake. Kuɗi a aljihunka suke. Kai za ka nemo mota, kai za a miƙo wa takarda ka sa hannu, kai za a ce ka kawo masu ba da jini. Mutumin da duk wannan ke wuyansa, shi ne kuma aka bari a gindin bishiya bai ji ko kalma ɗaya ta darasin ba.

A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana cewa jinkiri iri uku ne ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun laifin hukuma ne da ma'aikata, kuma ranar da za mu yi maganarsa ba za mu rage musu komai ba. Amma biyun farko a tsakar gidanka suke. Mata nawa ne suka zauna cikin jini suna jiran maigida ya dawo daga kasuwar ƙauye don ba a fita sai da izininsa? Ka ba da izinin tun yau, a gaban mahaifiyarka da maƙwabcinka: ko ba na nan, in abu ya taso a tafi da ita.

Ga abubuwan da idan ka ga ɗaya daga ciki ba a jiran gari ya waye. Jini, komai ƙanƙantarsa, a kowane wata na ciki, ban da ɗan jirwayen nan na farkon naƙuda. Ciwon kai mai tsanani da ganin hazo-hazo ko walƙiya a ido. Kumburin fuska da hannu, ba na ƙafa kaɗai ba. Zazzaɓi mai zafi. Ciwon ciki mai tsanani da ba ya saki. Numfashi sama-sama. Jariri ya rage motsi ko ya daina. Sai jijjiga, wadda mutanenmu kan ce iska ce a kama hayaƙi da turare. Hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma akwai allurarsa a asibiti, magnesiyam salfet. Idan ta faɗi, a kwantar da ita a gefenta na hagu, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata komai, a nemi mota. Hawan jinin nan sau da yawa mace ba ta jin komai a jikinta har ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce. Abin awo ne kaɗai ke tona shi, da gwajin fitsari.

Zubar jini bayan haihuwa ita ce ta fi gaggawa, tana iya gamawa da mace cikin awa biyu. Likitoci suna kiran ta zubar jini ne idan abin da ya fita ya kai rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda ɗaya tak. A kan zani da katifa wa zai iya auna wannan da ido? Ko ma'aikata sukan yi kuskure. Shi ya sa wani babban bincike da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu kan mata fiye da 200,000, ya gwada shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, da ba da magunguna gaba ɗaya a lokaci guda da zarar jinin ya kai iyaka. Munanan sakamakon zubar jini suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Ɓangaren Najeriya na aikin, 'yarmu ce ta jagorance shi, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano. Ledar nan da alluran nan babu su a ɗakin Inna.

Saboda haka shirin ango ba ya ƙarewa a ragon suna. Ka san rukunin jinin matarka, ka yi magana da mutum biyu ko uku cikin 'yan'uwa da abokai waɗanda za su iya ba da jini. Ka ajiye lambar mai mota ko mai adaidaita sahu har biyu, ka gaya musu watan. A wasu jihohin Arewa akwai direbobin ƙungiyar NURTW da aka horar don ɗaukar masu naƙuda, ka tambaya a tasharku. Ka ware kuɗin da ba a taɓawa. Jakar kaya ta zama a ɗaure tun wata na takwas, da katin awo a samanta.

Idan kuma likita ya ce sai an yi aiki, kada ka tsaya kiran taron dangi. Kan jaririn da ya fi ƙarfin ƙugu, ko wanda ya zo a gicciye, ko mabiyiya da ta tare hanya, haƙuri ba ya gyara su. Doguwar naƙudar da ake bari ana jiran a haihu da kai ita ce ke cika cibiyoyin masu yoyon fitsari irin na Babbar Ruga a Katsina, jaririn ma galibi a rasa shi. A watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ka tambaya tun ranar awo ko asibitinku yana cikin shirin, kada sai ana tura gado.

Wanda yake ganin zaman maza a kan wannan magana baƙon abu ne, ya leƙa Damagaram. A can, tun ƙarshen shekarun 2000, da tallafin Asusun Kula da Yawan Al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kafa abin da ake kira makarantar mazaje. Magidanta kamar goma sha biyu suke zama a unguwa, su gayyato ungozomar asibiti ta yi musu bayani, su kuma su bi sauran maza da magana a majalisa da ƙofar masallaci. Daga Damagaram abin ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar har ya tsallaka wasu ƙasashe. Hausawa ne irinmu, masu rawani da gemu.

Na san a asibitoci da yawa ba za a bar ka ka zauna a tsakiyar matan mutane ba, kuma daidai ne. Amma idan an kira sunanta za a shiga ganin malama, ka nemi izini ka bi ta. Ka yi tambaya uku: jininta ya hau ko lafiya, kwanciyar jariri daidai ce, kuma a nan za ta haihu ko sai babban asibiti? Ɗakin haihuwa ma yawanci gadaje ne a jere, namiji ba ya shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a bar mai naƙuda da wanda ta zaɓa ya zauna kusa da ita, don haka inda aka yarda, ku zaɓi mahaifiyarta ko yayarta tun da wuri, ita ma ta je awo ko sau ɗaya ta ji da kunnenta.

Wannan ya kawo ni gare ku, iyayenmu mata. Ku ne ake kawo wa goyon ciki, maganarku ce ke zama doka a ɗakin mai jego, kuma kun ga abin da mu ba mu gani ba. Alfarma huɗu nake roƙo. Idan ta taho gida goyon ciki, ta taho da katinta a ci gaba da awo a asibitin kusa. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafin farko na jariri, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa ya kama nono cikin awa ɗaya, ba ruwa, ba zuma, har wata shida. Cibi kuma a bar shi da maganin kulohezidin da asibiti ke bayarwa, ban da toka, ban da man goge baki, ban da gashi da tsumma. Sai kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin da ake gasa jiki da shi. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a rage kanwa, mai hawan jini kuwa kada ta kusance ta.

Lokaci ya cimma mana. A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu zo da malamar ɗakin haihuwa ta amsa tambayoyinku, na maza da na mata, kuma ba sai mutum ya faɗi sunansa ba. Mu kwana lafiya.

[Taken rufewa]